Kwamfutar Madam Nonye a Bayan Buhuna

A Sabon Gari aka haifi Nonye, a wani gidan haya da ke bayan kasuwa, kuma Hausar bakinta sai ka rantse a cikin birni ta tashi. Tana da shekara ashirin da biyu ta kama aikin buga takardu a wata ƙungiya mai raba wa manoma iri a Samaru. Da tafireta ta fara. Yau shekara talatin da ɗaya ke nan, kowa Madam yake ce mata, har shugaban ƙungiyar, Alhaji Ahmadu.

Duk abin da ƙungiyar ta sani yana cikin tsohuwar kwamfutar da ke teburinta: irin masarar da ƙasar Bomo ta karɓa, wanda tsutsa ta cinye a Shika, dawar da ta jure shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri. Takardun asali kuwa gara ta gama da su tuntuni. Kwamfutar sai an lallaɓa ta take tashi, tana gurnani, kuma ramin da ake soka filas ya mutu, babu ta inda za a kwashe komai. Sau bakwai Madam tana rubuta kuka, shiru.

Sai ga labari: wata hukumar tallafi za ta turo injiniya ya duba kayan aikin da suke da su, a cike musu giɓi. Ranar, Madam har sabon ɗankwali ta ɗaura. Tana shiga ofis ta tarar da wata sabuwar kwamfuta, siririya, tana ƙyalli a teburinta.

"Yallaɓai, ina tawa?"

"Tana sito, bayan buhuna," in ji Alhaji. "Haba Madam, baƙo tun daga Abuja ya zo ya tarar da wannan akwatin? Ai sai ya raina mu. Guda shida na aro a shagon Amaechi, da la'asar a mayar."

"Yallaɓai, mutumin nan fa rashinmu ya zo gani!"

"Ki bar ni da shi. In ya ga mun san darajar kaya, ƙari zai yi mana."

Injiniya Femi ya iso, ya bi ofis-ofis yana ƙirgawa yana latsa wayarsa. Sau biyu Madam ta buɗe baki, sau biyu Alhaji ya tare da "A ƙaro wa baƙo kunun aya!" Ita kuwa tunda take, ba ta taɓa ƙaryata na gaba da ita a gaban baƙo ba. Ta haɗiye maganar.

Sai da Femi ya buɗe ƙofar mota sannan ta kasa daurewa. Ta bi shi da sauri ta zayyana masa komai.

Femi ya dafe kai. "Kai, Mama! Da kin faɗa tun ɗazu. Na riga na tura rahoto, na ce kayanku sun wadatar. Sai zagaye na gaba, nan da shekara uku."

"Ɗana, wata takwas ya rage in ajiye aiki."

"Ki yi haƙuri, Mama."

Ita da maigadi suka ciccibo tsohuwar daga sito. Ta danna, shiru. Ta sake, shiru. A karo na huɗu ta yi tari ta kawo haske. Madam ta jawo litattafan rubutu ta dire a teburi, daidai lokacin da Alhaji ya leƙo yana sosa ƙeya.

"Madam, ni wallahi na ɗauka..."

"Zauna, Yallaɓai. Ni zan karanto, kai ka rubuta, kafin ta mutu."

Ya duba hagu, ya duba dama, ya ja kujera. "Bayanan nawa ne duka?"

"Dubu huɗu da ɗari biyu. Ga biro."