Injin Fatsar da Fofo Kakpo Ya Shanya a Rana

Na daɗe ban yarda da gwajin Fofo Kakpo ba. Inda na yi karatu, in mutum zai sayi injin fatsa, wannan da ake ɗaurawa a gindin sanda yana naɗe zare, sunan kamfani yake dubawa, ya karanta abin da aka rubuta a jikin kwali, shi ke nan. Da na dawo Kwatano na tarar da dattijo yana kara inji a haƙoransa yana murɗawa ido a rufe, masunta sun kewaye shi tsit, sai na ɗauka burga ce kawai. Ban sake tunani ba sai da aka kore shi daga rumfa.

A Giran-Popo aka haife shi, gidan masu jan taru. Shekara ashirin da biyu ya yi a ɗakin injin jirgin kamun kifi, can ya baro yatsu biyu na hagu da rabin jinsa. Tun daga nan da haƙori yake sauraron ƙarfe. Da ya sauka daga jirgi ya auri Afiyabi mai suyar kifi, ƙanenta Agosu ya ba shi gefen rumfarsa a layin 'yan gwanjo da ke bayan tashar jirage. Tebur ɗaya, kujera ɗaya, gwangwanin sukurori. Gyara ne sana'arsa, amma gwaji ne ya fitar masa da suna.

Ruwan teku ba ya barin ƙarfen banza, don haka da maganaɗisu yake farawa. Ya bi sukurorin ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ya manne, tsatsa za ta cinye shi kafin damina ta fita. Sai ya ɗaure zaren a bokitin jiƙaƙƙen yashi, ya ɗaga sanda, ya sassauta birki kaɗan kaɗan. In bokitin ya sauka a hankali, to. In yana sauka yana fizga, ranar da babban kifi ya ja, zare tsinkewa zai yi. Daga nan sai haƙori. Na ƙarshe, ya ɗora injin a kan fallen kwano a tsakiyar rana na awa guda, don maiƙon da ke ciki ya saki, ya sake murɗawa. Ladansa kifi ɗaya daga kamun farko.

Haka ya yi shekara goma sha huɗu, har ranar da Hunsu ya zo.

Hunsu ɗan acaba ne da mota ta karya wa ƙafa wuri biyu. Ya sayar da babur ɗin, ya ƙudura zai riƙa hawa duwatsun bakin tasha yana kamun kuta, dogon kifin nan mai haƙora da masu gidajen abinci ke rububi. Ya ɗingiso har rumfar Agosu, Agosu ya ɗaga wani jiƙaƙƙen buhu ya zaro masa inji.

"Fofo, duba wa yaron nan," in ji Agosu. "Shekaranjiya injin ya sauka daga jirgi. Murɗa ka ji, ko numfashi ba ya yi."

Sukurori suka tsallake maganaɗisu, bokiti ya sauka lafiya. Kakpo ya kara a haƙori ya murɗa. Shiru. Shirun nan ne bai yi masa ba. Inji da jikinsa ya sha ƙarzo haka, ai dole a ji 'yar muryarsa. Ga shi kuma da sanyi a hannu.

"Me ya sa ka lulluɓe su da jiƙaƙƙen buhu? Tumatir ne?"

"Ƙura, Fofo."

"Busasshen buhu ya daina tare ƙura ne?"

Maƙwabta suka yi dariya, ban da Agosu. Kakpo ya ɗauki injin ya nufi fallen kwanonsa, Agosu ya biyo shi yana magana ƙasa-ƙasa.

"Haba, mijin yaya. Wannan ɗaya dai ka bar shi ya wuce. Ranar Lahadi ba kwano ɗaya muka ci ba?"

"Kifin Afiyabi muka ci, ba naka ba."

Ko rabin awa ba a yi ba wani farin mai ya fara ɗiga daga gindin mariƙin, ya gangara bisa kwanon. Kiyashi suka jero. Wata mai tallan agidi ta dangwala yatsa ta shinshina, ta kwashe da dariya.

"Wannan ai man kaɗe ne! Tonton Agosu, inji kake sayarwa ko jariri ka yi wa wanka?"

Kakpo ya murɗa. Wannan karon ba sai da haƙori ba, har Hunsu da ke zaune a benci ya ji, kamar ana niƙa tsakuwa. Kakpo ya kwance murfin. Haƙoran cikin injin sun cinye, gishiri ya mai da su kore, an ɗura man kaɗe an cike ramukan, an ajiye a sanyi don ya daskare. Kakpo ya juyo wajen Agosu.

"Mutum ya sayar da babur ɗinsa," ya ce da ƙarfi, duk layin na ji, "ƙafa ɗaya ta rage masa, zai hau dutse mai santsi igiyar ruwa na dukansa, ka ba shi wannan? Kuta ya fizga, inji ya cije, wa zai faɗa ruwa? Kai?"

Ya juya ya yaye buhun. Inji goma ne suka rage a ƙarƙashi.

"Su ma a fito da su su sha rana."

"Rumfar ubanka ce?" in ji Agosu. Ya sa ƙafa ya hankaɗe teburin, sukurori suka watse cikin yashi.

Abin da ya biyo baya shi ne har yau yake ci mini rai. Washegari 'yan layin suka yi taro, manya masu furfura, masu zuwa coci da masu zuwa masallaci. Cikinsu babu wanda ya tambayi yadda man kaɗe ya shiga cikin inji. Laifin da suka gano shi ne an kunyata ɗan kasuwa a gaban mai saye. Suka kafa doka biyu: kaya ba ya fita daga inuwar rumfa sai an saye shi, kuma ba a yarda mai gwaji ya zauna a layin ba. Wato rana ma an hana ta ba da shaida. Cikin mako uku Agosu ya sayar da goman nan kaf, yawanci ga baƙi daga Wida da ƙauyukan gaɓa waɗanda labarin bai kai musu ba.

Afiyabi ta yi kwana tara ba ta ce wa mijinta uffan ba. Rana ta goma ta je ta ɗauko teburin a ka, ba ta gaida ƙanenta ba, ta kai shi gindin duwatsun tasha ta dire.

Nan yake yanzu, ƙarƙashin tampol, iskar gishiri na cin kayan aikinsa. Gyara ya ragu, don wurin ya yi nisa da masu saye. Masu kawo masa gwaji kuwa sun riga sun saya, sai dai ya gaya musu abin da suka kwaso. Hunsu ya samu wani tsohon inji mummuna, fentinsa duk ya goge, wanda Kakpo ya harhaɗa masa daga matattu biyu. Yana aiki.

Wata ranar Asabar na zauna kusa da shi yana wanke wani inji da kananzir, na tambaye shi abin da ke raina.

"Fofo, tun da duk an sayar da su, me ka tsinta? Da ka raɗa wa Hunsu a kunne ya tafi wata rumfa, ai da har yanzu kana inuwa."

Bai ɗago ba, sai da ya goge yatsunsa a tsumma.

"An sayar, amma ba ina zaune a gefe ba. Kai kana zaton kayan Agosu mutane ke zuwa saye? Ganina a wurin suke saye. Da na yi shiru, ni na sayar musu da goman nan."