Ranar da Na Tuɓe wa Maigidana Hula a Gaban Jama'a

Ina gaida mai kula da wannan fili da masu karatu. Yanzu ni tsoho ne, ina zaune a Karare ina noman gero da 'yar gyaɗa. Amma a shekarun da kuɗin mai suka cika gari, sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, ni ne na hannun daman wani babban ɗan siyasa a yankinmu na Batsari da Safana. Lokacin muna ƙarƙashin Kaduna, kuma in ya yi tari a nan sai an ji a can. Ba zan ambaci sunansa ba. Ɗan gwaggona ne, wato taubashina, tare muka yi kiwon awaki, tun muna yara kowa ke cewa shi ne ubangidan ɗan'uwansa. Mu uku ne manya a kusa da shi: ni, da sakatarensa, wani tsohon malamin makaranta mai daɗin baki, da kuma shugaban 'yan bangarsa.

Da kaka abin ya faru. Manoman wajen Wagini sun cinye burtali da noma, shanu suka rasa hanya suka faɗa gonar wake. Rigima ta kaure, wani saurayi makiyayi ya sari mai gonar, aka kwashe shi sai asibiti. Mai gonar kuwa ɗan a-mutun maigida ne. Nan da nan 'yan hamayya suka baza cewa maigida ba zai iya komai ba, tunda shanunsa na kiwo a hannun Arɗo, shugaban makiyayan. Abin haushi, gaskiya ne shanun suna can. Daga Kaduna kuma saƙo kan saƙo, wai in ya bari Wagini ta suɓuce to kujerarsa ta tafi. Mutumin nan ya daina cin tuwo, daga goro sai taba. Idanu jajur, direba ya yi gyaran murya ma sai ya sha zagi.

Sai muka yi abin da na kusa da manya suka saba yi, muka rufe masa ƙofa. Sakatare ya ɗauke rediyo daga ɗakin, kowane labari sai ya sirka shi da ruwan sanyi kafin ya shigar. Ni na riƙe bakin zaure ina tace masu shiga. Shi kuwa shugaban 'yan banga ta bayan gida yake bi yana hura masa wuta. A cikin haka Arɗo ya zo da kansa, dattijo mai furfura, ya zauna ƙarƙashin darbejiya yana jiran iso. Muka sallame shi ba tare da mun ji ta bakinsa ba, wai kada maigida ya gan shi ransa ya ɓaci. Ashe ya zo ne ya faɗa cewa sun miƙa yaron ga hukuma da hannunsu, kuma sun yarda a kimanta ɓarna. A duk labarin nan, wannan kaɗai ne ke ci mini rai har yau.

Ranar kasuwar Batsari da hantsi labari ya iso cewa mai gonar ya cika. Kafin in ankara, manyan motoci biyu sun tsaya a ƙofar gida cike da samari, da gora da adda da galan-galan na fetur. Rugagen da ke bakin daji za su, inda ba kowa da rana sai mata da yara da tsofaffi. Na tari maigida a zaure na roƙe shi a hankali, na haɗa shi da Allah, na haɗa shi da darajar gwaggo. Ya ture ni, ya ce yau ba shi da ɗan'uwa, an daɗe ana ce masa matsoraci, yau za a gani. Na waiga neman sakatare, ko ƙurarsa babu. Maigida ya fita ya taka matakin motarsa zai yi wa samari jawabi, kuma na san in ya buɗe baki ya ce a tafi, shi kenan.

Ban yi wani dogon tunani ba. Na ratsa mutane, na miƙa hannu na tuɓe masa hula na kifa a kaina. Na ɗaga murya na ce bawana ne wannan, ya kwana biyu bai sa komai a cikinsa ba, ga shi zai tafi yaƙi da yunwa. Na ce ni shaida ne bunsuru ya taɓa kora shi har gindin rumbu yana kiran inna, kuma ba zan mayar da hular ba sai ya shiga ya sha fura. Ga sanƙonsa a fili yana ƙyalli, abin da ya shekara da shekaru yana ɓoyewa. Can sai wata tsohuwa mai ƙosai ta tuntsire da dariya, ta ce taubashi ne, ba a dukansa ba a ƙararsa. Dariya ta bi mutane har cikin motocin. Ya dube ni kamar ya haɗiye ni. In ya mare ni ya ci mutuncin zumunci a gaban kowa, in ya yi jawabi kai ba hula ya zama abin wasan yara. Ya sauko ya shige gida.

Zafin samari ba ya jure jira. Liman da dattawa suka samu bakin magana, suka ce a fara sallamar mamaci tukuna, motocin da aka ɗauko don ƙone-ƙone su suka kai mutane jana'iza. Na tura aka ɗauko Arɗo, kafin la'asar kowa ya ji yaron yana hannun hukuma. Ko bukka ɗaya ba a ƙona ba.

Ladana shi ne kora. Ya aiko a faɗa mini kada in ƙara taka ƙofarsa, na tona masa asiri, 'yan hamayya sun samu abin waƙa. Sakatare ya samu kujerar Makka, shugaban 'yan banga ya samu kwangila, ni na dawo na ɗauki fartanya. Dangi suka yi ta zarya wai in je in durƙusa in ba shi haƙuri, gaba da gabanta. Na ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba zan je ba. Na ji ciwon rabuwarmu ƙwarai, don ina ƙaunarsa, amma ban ga laifin da zan tuba a kansa ba. Da za a mayar da ni wannan rana, abin da na yi shi zan sake yi, sai dai in yi shi da wuri.

Ku da ke kewaye da manya a yau, ku ji daga bakin wanda ya gani. Shugaba in ya rikice, toshe masa kunne ba gata ba ne, ku ne kuke kai shi ku baro. Ku bar mai gaskiya ya shiga ko da zai ɓata masa rai, kuma in ranar ta zo da sai ɗayanku ya rasa tuwonsa kafin a tsira da rayuka, to ya rasa. Maigidana ya rasu bai ƙara yi mini magana ba. Amma da aka nemi na jiki da zai yi masa wanka, ni aka kira. Na wanke hannuwan nan nasa ina hawaye, ina gode wa Allah, domin zai je gaban Ubangijinsa ba jinin kowa a kansu.