Riɗi, Japananci da shingen hanyar Tsafe

Shekarun baya kaɗan, lokacin ina aiki a siton kawuna a Gusau, na ɗauko wa kaina koyon Japananci. Kawu riɗi yake saye. Mu ke bin kasuwanni, daga Bungudu garinmu har Tsafe da ƙauyukan da ke kewaye, mu tara, a ɗinke buhuna, dillalan Kano su zo su kwashe. Wata rana ɗaya daga cikinsu ya ce mana wani ɓangare na riɗin nan har Japan yake zuwa. Tun daga nan na sa a raina wata rana ni zan yi ciniki da masu saye baki da baki. Ban taɓa ganin mutumin Japan ido da ido ba, har yau ma ban gani ba, amma burin bai san da wannan ba.

Babu mai koyarwa a kusa, don haka na bi shawarar da na karanta, wai ka kewaye kanka da harshen har ya zama ba ka da wurin gudu. Na mayar da wayata Japananci gaba ɗaya. Na sauke shirye-shiryen rediyonsu ina saurare a mota, da katun na yara da nake kallo bayan la'asar. Na sa wata manhaja ta kati, hoto ya fito, muryar wata mata ta faɗi sunan abin. Na liƙa 'yan takardu masu sunan kowane abu da Japananci a ƙofa da randa da buta, har mahaifiyata ta ce kamar kaza ta taka tawada ta bi ɗakin. Sannan kullum nakan haɗa jimla ɗaya da kaina, in naɗi muryata, in saurara in ji inda na karkace.

Ranar da abin ya faru, daga Tsafe nake dawowa da samfurin riɗi a leda. Ƙaramar motar haya ce. A gefena akwai wani dattijo Bafulatani da zai je asibitin ido a Gusau, idonsa ɗaya a ɗaure da ƙyalle. A gaba kuma wata mata ce Kirista, 'yar kudu, mai shagon atamfa a Gusau, Hausa a bakinta tsaf. Ban yi hira da kowa ba, abin sauraro na kunnena.

Ba mu yi nisa sosai ba muka tarar an gitta kututture a hanya, daidai wani ƙauye. Direba ya rage gudu, ya ce a hankali: "'Yan sa-kai na. An shigo masu shekaranjiya, an kwashi mutane. Kowa shi yi shiru."

Lokacin babu kalmar da ta kai "infoma" haɗari. Duk wanda aka ce yana kai wa 'yan daji rahoto ko kaya, ba kasafai ake jiran alƙali ba.

Aka ce maza su fito, aka karɓi wayoyi. Tawa ta faɗa hannun wani matashi mai bindigar gargajiya, idanunsa jawur kamar wanda bai runtsa ba. Ya sa na buɗe masa. Ya duba, ya juya ta, ya sake dubawa.

"Wanga wane rubutu na?"

"Japananci ne," na ce. "Koyo nake."

"Mi?"

Na maimaita. Ya ci gaba da dannawa. Tunda ba ya iya karanta komai, hoto yake bi, har ya kai kan alamar makirfo. Ya danna na sama, wanda na naɗa da safiyar ranar. Muryata ta fito fes, a hankali, kalma bayan kalma, yadda mai koyo yake yi:

"Dare ga goma o kaimasu ka."

Ma'anarta a Japananci: wa zai sayi riɗi? Dare shi ne "wa", goma shi ne riɗi, kaimasu shi ne saye. Na yi ta maimaita jimlar nan ni kaɗai, ban taɓa jin ta da kunnen Bahaushe ba sai a wannan lokacin, da na ga yadda fuskar matashin ta canza.

"Dare," ya ce. "Ga goma. A kai masu." Ya ɗaga murya. "Ku zo ku ji! Goman mi za a kai masu da dare?"

Kafin in buɗe baki an buge ƙafafuna, na ji ni zaune a kan kwalta mai zafi. Mutane suka kewaye. Aka sake kunna muryar, aka sake kunnawa. Duk lokacin da aka kunna sai ta ƙara zama Hausa, har ni kaina na fara jin abin da suke ji. Wani ya ce jarkar fetur goma ce. Wani ya ce buredi. Wani daga baya ya ce a daina ɓata lokaci.

Shugabansu ya iso, mutum mai furfura a gemu, hannayensa irin na manomi. Ya saurara sau ɗaya, ya dubi motar, ya nuna dattijon da muka zauna tare a ciki.

"Kai, tare kuke. Sauran maganar Fillanci na?"

Dattijon ya ce, "Wallahi ba Fulfulde ba ne. Ban san yaron nan ba, a tasha na gan shi."

"Haka za ka ce."

Aka zaunar da shi kusa da ni. Sandarsa aka ɗauke, hularsa ta faɗi bai ɗauka ba. Mutumin nan ko gaisawa ba mu yi ba.

Direba ya fara cewa ko a bar shi ya wuce da sauran fasinja. Matar nan mai shagon atamfa ta fito daga mota ta tsaya a rana da jakarta a hammata. Ta ce, "Tare muka taso, ni ba inda za ni. Baba, ku ba yaron dama ya yi bayani. In ƙarya yake, ai yana hannunku."

Na roƙi shugaban. Na ce akwai katuna a wayar masu hoto da muryar mutanen ƙasar, a ba ni in nuna. Matashin ya ce a'a, gogewa zan yi. Shugaban ya yanke: wayar tana hannun yaronsa, ni in faɗi inda za a danna, hannuwana a bayana.

Matashin ya tsuguna nesa kaɗan, ya juyo mini da fuskar wayar. Rana tana dukan gilashin, gumi yana shiga idona. Na ce ya fita daga wurin muryoyin. Maimakon haka yatsansa ya daɗe a kan naɗin, sai wani ɗan akwati ya fito da zaɓi biyu. Na san akwatin. Ɗaya gogewa ne, ɗaya fasawa. In ya goge da umarnina, ba wanda zai ƙara sauraron komai daga bakina.

"Wanne?" ya ce, yatsansa a sama.

Kaina ya ɗauke. Watanni ina ganin kalmomin nan, amma a lokacin duk suka zama zane. Na rufe ido na buɗe. Na dama haruffa biyu ne masu cunkoso. Na hagu dogo ne, da sauƙaƙan haruffan nan da suke rubuta kalmomin aro da su. Na bi su ɗaya-ɗaya da leɓena kamar ɗan aji ɗaya. Fasawa ce.

"Na hagu," na ce. "Don Allah na hagu."

Akwatin ya ɓace, naɗin yana nan.

Daga nan na kai shi manhajar kati, na ce ya shiga rukunin abinci. Hoton kifi ya fito, matar ta faɗi sunansa. Ya wuce. Shinkafa. Ƙwai. Wani ganye da ban san irinsa ba. Mutane suka fara gunaguni, wani ya ce wasa nake musu da hankali. Ni kuma ina ta addu'a, don ban tuna ko katin yana wannan rukunin ba ko na wancan. Sai ga shi: ƙwayoyi farare a cikin ƙaramin cokali na katako.

"Goma," in ji muryar matar.

Shugaban ya karɓi wayar da kansa, ya kawo ta kusa da idonsa. Ya ce a sake. Aka sake. Ya dubi ledar samfurina da aka zazzage a gefen hanya, ya sake duban hoton.

"Riɗi na," ya ce.

Bai tsaya nan ba. Sai da muka nemo dare, hoton mutum yana ƙwanƙwasa ƙofa ba a ga fuskarsa ba. Sai da muka nemo kaimasu, wata mata tana karɓar kaya a shago. Kowanne ya sa a maimaita masa. Ba wanda ya yi dariya. Can ya miƙo mini wayar, ya ce in tashi, ya ce, "Ƙanena na cikin waɗanda anka tafi da su. Ka yi haƙuri. Amma ka maida abin ga Hausa in za ka biyo hanya."

Na tashi. Dattijon bai tashi ba, don ba a ce masa ba. Matashin yana tsaye a kansa yana tambayar rugarsu, da sunan arɗonsu, da dalilin ɗaure ido. Matar ta ce a kwance ƙyallen a gani mana. Dattijon ya kwance. Idon ya kumbura, yana ruwa. Shugaban ya kau da kai, ya ce a ba shi sandarsa.

Muka koma mota, aka janye kututturen, direba ya ja har Gusau. A tasha na bi dattijon ina ba shi haƙuri, na ce saboda ni aka zaunar da shi. Ya gyara ƙyallensa, ya dube ni da ido ɗayan.

"Ba kai ba ne, yaro. Ko ba ka cikin motar da sun sami abin tambayata." Ya dogara sandarsa. "Kai da aka tuhumi yarenka, hoto ka nuna aka sake ka. Ni nawa da shi aka haife ni. Wane hoto zan nuna?"

Na tare masa babur zuwa asibiti, ya hau, ya ɗaga mini hannu.

Ban daina koyo ba. Yanzu ina jin labaransu in ba su yi sauri ba, ina kuma rubuta gajeren saƙo ba tare da ƙamus ba. Riɗin kawu har yau dillalan Kano ke kwashewa. Abokaina sun mayar da labarin abin dariya, ni ma nakan taya su, don in an ba da shi a rumfar mai shayi yana da ban dariya. Sai dai nakan tsaya a daidai inda aka miƙo mini wayata. Sauran ban cika faɗa ba. Na yi ta zuwa Tsafe bayan nan, ina duba fuskokin dattawa a tasha, ban sake ganinsa ba, ban kuma san ko idon ya warke ba.