Ƙofofin Ruwan Yaya Nuhu

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Nuhu, injiniya, malamin jami'a, ɗan manomin shinkafa daga Bagudo. Na ɗauka da ƙunci zan yi wannan rubutu, sai ga shi da ɗoki nake yin sa.

Mun daɗe ba mu gane aikinsa ba. Yakan ce yana nazarin yadda na'ura za ta riƙa auna abin da ke gudana, ta gyara shi da kanta. A fadamarmu ta wajen Illo ya fahimtar da ni. Magudanar da ke shayar da gonaki tana da ƙofofi goma sha biyu, kuma duk rani sai an yi rigima, na sama su sha ruwa, gonakin ƙasa su bushe. Ya ce a littafi maganin mai sauƙi ne: a sa ma'aunin ruwa da ƙaramin inji a kowace ƙofa, kowane inji ya riƙa samun labari daga dukkan ma'aunai. Sai dai wannan haɗi ya fi ƙarfin manoma, kuma ga yawan lalacewa. Lissafinsa shi ne gano layukan saƙon da za a cire ba tare da ruwan ya rikice ba.

Wata biyu ya yi yana lallashin dattawa. Malam Dantani, mai gonar ƙarshe, ya fi kowa ƙi, don shi kuskure zai fara ci.

Ranar gwaji Yaya ya aro kaya daga jami'a, ya haɗa kowace ƙofa da kowace. Ya zauna a bakin magudana da kwamfuta a cinya, yana kashe layuka ɗaya bayan ɗaya. Muna kallo, ruwa bai motsa daga ma'auninsa ba. Har ya kai kowace ƙofa kanta take saurare da maƙwabciyarta kawai. Nan lissafinsa ya tsaya, amma murna ta ɗebe shi ya ƙara kashe ɗaya. Ruwa ya fara hawa da sauka, ya malala cikin irin shinkafar Malam Dantani. Yaya ya faɗa taɓo da shaddarsa, ya danne ƙofar gonar da ƙirji har na kunna layin.

Dattijon ya dubi irinsa, ya dubi Yaya, ya ce, "Nuhu, wanga na ƙarshe da kac cire, maishe shi. Sauran ka tahi da abinka."

A ranin nan ba wanda ya ɗaga murya a fadama. Yaya ya ga girbi ɗaya, gajeriyar jinya ta ɗauke shi kafin na biyu.

Ina ma ya ga yau! Hasken rana ke juya injunan, saƙonninsu ta layin waya suke tafiya, ɗalibarsa Injiniya Hauwa'u ta kai aikin magudanu biyu na gaba. Na san zai yi dariyar nan tasa, sannan ya hau tambayarta me kuma za a iya ragewa.

Takardunsa suna ɗakina, ban iya karanta ko shafi ɗaya. Abin da ya bari wanda na iya karantawa yana gona. Kwanan nan manoma uku suka ƙetaro daga ƙasar Benin a kan babura, suka yini suna duba ƙofofin. Babbansu ya ce min da Dandanci, yaren Dandawa, yana son gaida mai wannan dabara. Na gaya masa ya rasu. Ya ɗaga hannu ya yi masa addu'a mai tsawo, ya shafa, sannan ya tambaye ni ko ran Alhamis zai iya kawo sauran mutanen ƙauyensu.