Minti Ukun Iya

Wallahi na gaji da minti. Aikina ke nan a wata ƙaramar radiyo nan Matamaye: a kawo mini magana mai tsawo a ce in matse ta, a kawo gajeriya a ce in ja ta. Akwai wani tsohon akwatin sauti da na sayo a Kano, ƴan sana'a na ce masa sampila. In ka ce ya gajarta, sai ya riƙa tsintar ƴan guntaye ƙanana daga cikin muryar yana zubarwa, kaurinta bai canza ba, mai maganar dai ya ƙara sauri. In ka ce ya tsawaita, sai ya yi ta maimaita guntayen. Iyakar dabararsa ke nan.

Kakata ta wajen uba ta riga shi iya wannan aiki. Iya Tsauni muke ce mata, don daga Tsauni aka auro ta. Ita ba ta tatsuniya a banza, sai lokacin ɓarar gyaɗa. Ana idar da magariba lokacin ɗari, a hura wutar kara a tsakar gida, ta zube mana gyaɗa a tabarma, ta gyara zama.

"Ga ta nan ga ta nanku," in ji ta, "hannu na aiki, kunne na ji. Kai, mijin banza, na ga wadda ka kai baki."

Ni ne mijin banzan. Tsawon labarinta kuwa tsawon tarin gyaɗa ne. In tarin ya yi yawa, sai mutumin cikin labarin ya tsaya gaisuwa a kowane ƙauye. In ya kusa ƙarewa, kafin ka ce kwabo ya isa gida. Takan yi shiru a tsakiyar magana, ba ka jin komai sai ƙas-ƙas ɗin ɓawo, har mu ce, "Iya, sai me?" Ta ce, "Sai ɓara."

Wadda ta fi so ita ce ta wani malalaci mai igiyar guga ta fata. Damina ta yi kyau, ruwan rijiya ya taso har kusa da baki. Gogan ya dubi igiyarsa ya ce, wannan uban tsawo na mene ne, kullum ina naɗi kamar mai rawani? Ya sa wuƙa ya datse, ya jefa wa karnuka ragowar. Rani ya zo, ruwa ya koma ƙasa, guga na lilo a sama. Sai ya jiƙa igiyar, ya ɗaura a kuka, ya ɗaura wa jaki ɗaya bakin, ya yi ta kora. Igiya ta yi tsawo kam, amma ta koma kamar zare. Zurawar farko ta tsinke, guga ya tafi. Nan Iya takan kakkaɓe zaninta ta ce, "Shi ke nan. Abin da ka yanke da damina, jaki ba ya maido maka da rani."

Wata shekara Baba ya dawo daga cin rani da rikoda, ya ɗauki wannan labarin a kaset. Minti tara. Tun da ta rasu, duk duniya nan kaɗai muryarta ta rage.

Bara Baba ya kwanta ciwo, idanunsa suka tafi, radiyo ta zama abokiyar hirarsa. Ya miƙo mini kaset ɗin ya ce, "Ka sa tsohuwa a gidan naku in ji ta, mutanen Tsauni ma su ji." Na juye ta cikin sampila, tana kaiwa ƙarshe rikoda ta tauna zaren kaset ɗin ya dagargaje. Ban damu ba, tunda na riga na kwafe.

Darakta ya ce, "Filin yara minti shida ne, ko daƙiƙa ba na ƙarawa."

Na matse tara ta koma shida. Akwatin ya nuna ba shi da wurin ajiye biyu, ko in ɗora sabuwar a kan tsohuwar? Tun safe nake zaune, ga talla huɗu na jira, ga kuran, wutar lantarki, na ta ƙyafta ido zai ɗauke. Na danna. Ni da hannuna, ba wanda ya sa ni.

Ranar da aka sa, ina zaune gefen gadon Baba. Muryarta ce, ba shakka. Amma ba numfashi, ba jira, ƙas-ƙas ɗin gyaɗar ya zama kamar ruwa a kwano. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya juyo da fuska wajena.

"Wa ya biyo ta?"

"Ba kowa, Baba. Lokaci ne ya yi kaɗan."

"Iya ba ta taɓa sauri ba, ko ranar da rumbu ya kama wuta. Je ka kawo mini ta gaskiyar."

Na koma na ja shidan nan ta kai tara cif. Inna lillahi! Murya na karkarwa kamar ana magana cikin tulu, kowace kalma da inuwarta. Na gwada takwas, na gwada bakwai da rabi, kwana uku ina kora jaki. Daga ƙarshe na je na durƙusa na faɗa masa gaskiya. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Cewa ya yi, "Allah ya jiƙanta," ya juya ga bango.

Muna yara mun ɗauka labarin na malalata ne, shi ya sa muke ƙara saurin ɓara. Yanzu na san mai gajiya ma yana yanke igiya, kuma lokacin da yake yankan gani yake gyara yake yi. Baba ya rasu lokacin kaka. Har yau in aiki ya lafa nakan kunna minti shidan, in sa yatsa a kan maɓalli. Duk inda na tuna tana yin shiru sai in tsayar, in ƙirga a raina, in ce, "Iya, sai me?" Wasu wuraren na fara mantawa.