Ɗan Raƙumin da Gulbi Ya Bari a Jiratawa

Shekarar da likitan ido ya hana ni tuƙi, na rasa inda zan sa kaina. Tun ina saurayi nake jan kamiyo, babbar motar kaya, daga Maraɗi zuwa Damagaram, zuwa Agadas, wani lokaci har bakin teku. In tafi da albasa, in dawo da siminti. Sai ga shi an ce idona na hagu ya tafi, na dama ma lallaɓa shi za a yi. Na mayar wa mai mota makullinsa, na dawo gida.

Zaman ne ya gagare ni. Da na idar da sallar asuba sai in nufi tasha, in tsaya ina kallon masu lodi, ina gyara masu abin da ba su tambaye ni ba. In na dawo gida in kwance ƙyauren da ba abin da ya same shi, in sake ɗaurawa. Matata ta yi haƙuri har ta gaji.

"Malam," ta ce, "don Allah ka tahi Jiratawa wurin ƙanenka ka kwana biyu. Ka ishe ni, ka ishi kanka."

Ƙanena yana da garkar zogale kusa da Gulbi. Ƙarshen damina ne, gero ya fara nuna. Can ma ban zaunu ba. Na zagaye garkar har na san kowane rami, na soki yadda ya ɗaura injin ban ruwa, shi kuwa sai dai ya ce, "To, Yaya."

Ana nan sai aka yi ruwa mai yawa can wajen Najeriya. Mu ko ɗigo ba mu gani ba, amma Gulbi ya zo a cike yana ɗauke da itatuwa, ya kwana yana gudu, sannan ya janye ya bar laka. Da hantsi muka ji hayaniya a bakin ruwa, muka gangara.

Ɗan raƙumi ne, ƙarami, wanda bai daina shan nono ba. Laka ta haɗiye shi har ƙirji, wuyansa kaɗai da ɗan tozonsa ke waje. Idanunsa sun liƙe da taɓo, ƙudaje sun rufe masa baki. Yana buɗe bakin kamar zai yi kuka, amma murya ba ta fita. Da alama makiyaya ne suka ƙetare ta can sama ruwan ya ƙwace shi, ya kawo shi nan.

Wani daga cikin mutanen ya riga ya zaro wuƙa. "A yanka shi tun da sauran numfashi," ya ce, "kada ya zama mushe."

Ƙanena ya ce, "Ba namu ba ne. Wa ya ba mu ikon sa mishi wuƙa?"

Ya ciro waya ya kira likitar dabbobin da ke yi wa tumakinsa allura. Ni kuwa ban jira kowa ba, na tuɓe takalmi na shiga. Laka ta kama ni har cinya. Na kai hannu na share masa ido, ya buɗe ya dube ni, sai ya kwantar da kansa bisa kafaɗata. Kan ya yi nauyi, kuma zafi rau kamar murfin injin.

Likitar ta iso bisa moto, wato babur, da akwatinta a ɗaure a baya. 'Yar gajeriya ce, Kirista, mutuniyar Tsibiri, kowa Madam yake ce mata. Ta tarar an kawo igiya ana shirin zarga masa a wuya a ja da shanu.

"Ku tsaya!" ta ce. "In kun ja shi ta wuya gawa za ku fiddo. A kawo katakai a shimfiɗa, a haƙa da hannu."

Haka muka yi. Muka yi ta kwasar laka da hannu da kwanoni, tana komawa muna sake kwasa. Da ƙafafun gaba suka fito, na zura igiyoyi masu faɗi ta ƙarƙashin ƙirjinsa, muka mirgina shi bisa wani tsohon bash na rufe kaya, muka ja bash ɗin har tudu. Rana ta take sosai kafin mu kai shi inuwar wani itace da ke cikin garka.

Madam ta durƙusa ta saurari ƙirjinsa, ta daɗe tana saurare. Ta ɗaga ƙafar baya ta sake ta, ƙafar ta faɗi kamar tsumma.

"Ruwa ya shiga huhunsa," ta ce. "Ƙafafun kuma sun daɗe a matse, jini bai gudana ba. Ba karaya. Amma raƙumin da ya daɗe kwance ba ya tashi. Sai an ɗaga shi, an juya shi, an murza mishi ƙafa, kullum. Ni ina da dabbobin garuruwa da yawa a kaina. Wa zai tsaya?"

Ƙanena ya dube ni. Na ce, "Ni."

"Baba, aikin ba na rana ɗaya ba ne."

"Madam, ni da ba ni da abin yi?"

Ta sa masa ƙarin ruwa a jijiyar wuya, na riƙe robar a sama har hannuna ya sage. Ta yi masa allurai. Sannan ta zana mani a ƙasa abin da take so: turaku huɗu masu ƙarfi, itace a gicciye, bash a rataye da ramuka huɗu na ƙafafu, yadda zai rataya ƙafarsa na taɓa ƙasa ba tare da nauyinsa ya hau kanta ba. Kafin la'asar mun kafa. Mutanen garka suka sa wa abin suna lilo.

Daga nan kwanakina suka koma na ɗan raƙumi. Da safe mu ɗaga shi mu sa a lilo, ni da ƙanena da duk wanda ya gitta. In bi ƙafafun ɗaya bayan ɗaya ina murzawa da man gyaɗa mai ɗumi, ina lanƙwasawa ina miƙewa. In rana ta yi zafi in jiƙa buhu in rufa masa. In ya gaji mu sauke shi, in tabbatar bai kwanta ta gefen da ya kwanta ɗazu ba. Inda igiya ta goge shi ya yi gyambo, in wanke in shafa maganin da ta bari.

Ci ne ya fi ba mu wahala. Mun kawo nonon saniya a kwalba da kan roba, ya kau da kai. Madam ta zura masa siririn tiyo ta baki har ciki ta ɗura, washegari ya kama zawo. Ta ce cikinsa bai san wannan nonon ba, a nemo na taguwa, wato macen raƙumi. Akwai masu raƙuma da ke sauka bayan Tsibiri, ta san wani dattijo a cikinsu. Sai ya zamana kullum da sassafe ina bisa kabu-kabu, daga Jiratawa in ratsa Maraɗi in wuce Tsibiri, in dawo da bido, 'yar jarkar nono, a cinyata. Duk hanya ina faɗa da mai babur. Ya yi sauri in ce zai zubar mani da nono, ya rage gudu in ce nonon zai lalace. Ɗaya daga cikinsu ya taɓa tsayawa a tsakiyar gari ya ce, "Baba, ko dai kai za ka tuƙa?"

Ran da ɗan raƙumin ya kama kan robar da kansa ya ja, har nono na zuba ta gefen bakinsa, na kira matata a waya na gaya mata. Ta ce, "Madalla. Kai ka ci abinci?" Ban ci ba.

Amma ƙafafun ba su motsa ba. Sati ya wuce, wani ya bi. Muryarsa ta dawo, ya riƙa wani kuka mai tsawo da ke sa awakin maƙwabta su daina kiwo. Ni kuma hankalina ya ƙi kwanciya. In zauna in tashi, in latsa ƙafar in ga ko za ta ture ni. Kowa ya zo da nasa magani. Wani ya ce a yi masa lalas da ƙarfe mai zafi, wani ya ce a banka masa hayaƙi. Da Madam ta zo na tare ta tun ba ta kashe moto ba.

"Madam, a sassauta lilon nan. In ya ji zai faɗi, dole ya taka."

"In ya faɗi ya karye fa, Baba?"

"To sai yaushe?"

"Ban sani ba," ta ce. "Yana iya tashi, yana iya ƙin tashi. In ya ƙi, ni zan gaya maka da bakina, a kira mai wuƙa. Amma ba yau ba."

Ta dubi ɗan raƙumin, sannan ta tambayi ƙanena ko yana da wata dabba mai sanyin hali. Ta ce raƙumi ba ya son zama shi kaɗai, kewa ma tana hana shi ƙoƙari. Ƙanena ya kawo tsohuwar jakarsa ya ɗaure kusa da lilon. Da farko ba su kula juna ba. Bayan 'yan kwanaki sai na ga in jakar ta matsa, yana miƙa wuya yana binta da ido.

Wata safiya matar ƙanena ta zo ta kwance jakar za ta kai ta ɗaukar ruwa. Ina durƙushe ina wanke kwalba sai na ji turakun suna ƙara. Na ɗaga kai. Bash ɗin ya saki, ba nauyi a cikinsa. Ɗan raƙumin na tsaye bisa ƙafafunsa, suna rawa kamar kara cikin iska, yana kuka yana son bin jakar. Bai daɗe ba ya koma ya zauna cikin lilon. Na rasa wanda zan kira, sai na yi ta ƙwala wa ƙanena kira alhali yana bayana.

Bayan wannan abin ya yi sauri. Muka riƙa fitar da shi muna tallabe da igiya ta ƙirji, yana taku kaɗan yana hutawa. Ya fara tsinkar ganyen gawo, ya fara satar zogalen ƙanena. Ƙafar baya ta hagu ce kawai ta ƙi daidaita, yana ɗan janta. Da ya sami ƙarfi kuma sai ya ƙi zama. Ya yi ta zagaye turkensa har ya haƙa hanya a ƙasa, ya tsaya ya miƙa wuya sama da shinge, ya sake zagayawa. Jakar ma ta daina isarsa.

Tun ranar farko maigari ya sa an yi cigiya a kasuwanni, har a rediyo an faɗa. Ba wanda ya zo. Madam ta ce ba zai yiwu ya girma cikin garka ba, sai cikin 'yan'uwansa. Dattijon nan mai ba ni nono yana da taguwar da ɗanta ya mutu bai daɗe ba, har yanzu da nono a jikinta. Maigari ya yarda a ba shi amana a gaban shaidu, in mai shi ya bayyana a mayar masa.

Na so in ce a ƙara kwana biyu. Ban sami dalilin da zan bayar ba.

A amalanken shanu muka kai shi, a gurfane, ina zaune kusa da shi ina riƙe da wuyansa. Muka bi ta gefen gari don kada ƙarar motoci ta firgita shi. Da muka isa zangon ya ji warin raƙuma, ya nemi dirowa tun ba a tsaya ba.

Taguwar ba ta karɓe shi ba. Ta shinshina shi, ta yi gurnani, ta kai masa cizo a gadon baya. Na zabura zan shiga tsakani, dattijon ya riƙe mani hannu.

"Malam, bar su. Ba ta san shi ba tukuna."

Ya shiga bukkarsa ya fito da fatar ɗanta da ya mutu, wadda ya busar ya ajiye don ta riƙa shinshinawa tana sakin nono. Ya ɗaura wa namu a baya. Ya tatso nononta ya shafe masa kai da wuya, ya barbaɗa gishiri. Ranar ba ta bari ya sha ba, sai da aka ɗaure mata ƙafa. Washegari ma haka. Ni dai kullum ina can, ina tsaye nesa kamar yadda aka ce in yi, ina cin goro ina tofarwa. Madam kan biyo in ta taso daga aiki, ta duba cizon, ta wuce gida.

Rannan na iso na tarar ba igiya a ƙafar taguwar. Tana tsaye tana tuƙa, shi kuma kansa na ƙarƙashinta, jelarsa na kaɗawa. An cire fatar. Na matsa na kira shi da irin sautin da nake yi in na kawo kwalba. Ya ɗago ya dube ni, nono a leɓensa, ya koma ya ci gaba da sha.

Da aka gama girbi gonaki suka buɗe, masu raƙuman suka ɗaure kaya za su yi gaba neman kiwo. Dattijon ya aiko aka gaya mani, na je. Na tambaye shi ko ƙafar za ta kai shi.

"Za ta kai shi," ya ce. "Ba zai yi tsere ba, ba zai ɗauki kaya mai nauyi ba. Amma tafiya, zai yi."

Suka tashi da hantsi. Shi ne na ƙarshe a layin, yana jan ƙafar hagu, taguwar na tsayawa tana jiransa. Idona ba ya kai nesa, don haka ban daɗe ina ganinsu ba. Wata mata mai tallar fura da ke tsaye kusa da ni ita ta riƙa gaya mani: sun kai wurin aduwa, sun hau tudu, ƙaramin na nan biye. Da ta ce sun sauka ta bayan tudun, na yi mata godiya, na sayi furarta na sha a tsaye, na fita bakin hanya neman abin hawa.