Ranar da Aka Kai Kwamfuta Wurin Mai Faci

Har gobe ban manta da ranar da aka ɗauki kwamfutar ofishinmu aka kai wa mai facin taya ba. Shekaru sun ja, na yi ritaya, amma duk sanda na tuna sai raina ya ɓaci kamar jiya aka yi.

A ƙarshen shekarun tamanin ne, lokacin muna ƙarƙashin Sakkwato. Ina aikin buga takardu, mataki na huɗu, a wani ofishin kula da lafiyar dabbobi a Gummi, wanda aikinsa ya haɗa da Bukkuyum da Anka. Aka kawo mana kwamfuta guda ɗaya tal, aka tura ni kwas na mako shida, na dawo aka damƙa min ita. A cikinta muke ajiye sunayen rugage, da ardon kowace ruga, da ranar da ya kamata a je a yi wa shanunsu allurar rigakafi. Daga cikinta nake fitar da jadawalin da malaman dabbobi ke bi.

Ofishin yana bakin titin da ba kwalta. Kowace babbar mota ta wuce sai jar ƙasa ta shigo ta taga. Saboda haka Injiniya Garba, wanda ya zo daga Sakkwato ya haɗa mana injin, ya zaunar da ni ya koya min yadda ake share ta. A kashe ta, a zare wayar daga bango, a bari ta huce. A kwance murfin akwatin, a taɓa ƙarfen jikinsa tukuna, don jikin mutum yana tara wata 'yar wuta da ke ƙona ƙananan kayan ciki. Sannan a bi da buroshi mai laushi da ɗan famfon roba da ake matsawa da hannu. A riƙe 'yar fankar da ke ciki da yatsa kada ta juya. Ba ruwa, ba jiƙaƙƙen tsumma, ba hurawa da baki. Allon kuwa, mai kama da talabijin, ya ce ko da wasa kada in buɗe shi. Duk ranar Asabar ta farkon wata haka nake yi, sama da shekara, ba ta taɓa ba mu matsala ba.

Sai aka turo mana sabon shugaban ofis. Ba zan faɗi sunansa ba. Sati biyu da zuwansa aka ce manya za su zo duba aiki ranar Alhamis. Ranar Talata ya shigo ɗakina, ya shafa bayan akwatin, ya dubi yatsansa.

"Mine ne wannan, Dije? Haka za ki nuna wa baƙi?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, yau zan share ta. Awa ɗaya ta ishe ni."

Na fito da buroshin da famfon. Ya kwashe da dariya. Ya ce wannan wasan yara ne, mai faci da ke bakin tasha zai gama da ita cikin minti biyu.

Na ce, "Ranka ya daɗe, injiniya ya hana. Iskar mai faci tana da ƙarfi, kuma tana fitowa da ruwa da baƙin mai."

"Ke mai buga takarda ce ko injiniya? Nomau! Zo ka ɗauki wannan."

Malam Nomau direbanmu ne, dattijo. Ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya ɗauka. Na roƙi a bar ni in bi su, aka ce in zauna a kujerata.

Bayan rabin awa suka dawo. Waje fes, sai ƙyalli. Na haɗa waya, aka tayar da janareta, na kunna. Ta yi wata ƙara, wari ya tashi, allon ya tsaya baƙi. Da na buɗe murfin, fuka-fukin fanka biyu sun karye, ga ɗigon mai a kan farantin da ke ɗauke da ƙwaƙwalwarta.

Washegari na tarar da takardar tuhuma a kan teburina, wadda muke kira kwiri. An ba ni awa ashirin da huɗu in bayyana dalilin da ya sa na lalata kayan gwamnati ta hanyar buɗe su ba izini. Ni! Kuma ranar Alhamis, a gaban baƙi, shugaban ya nuna ni ya ce ƙaramar ma'aikaciya ce ta yi karambani.

Abin da ya fi ƙona min rai ba wannan ba ne. Ina da kwafin bayanan a faifai, amma babu wata kwamfutar da za ta karanta shi sai a Sakkwato, kuma shugaban ya ƙi sa hannu a ba ni mota. Jadawalin rigakafin ƙasar Bukkuyum ya makara mako uku. Malaman dabbobi suka riƙa bin abin da suka iya tunawa, aka tsallake rugage da dama. Wata safiya Ardo Buba ya zo ofis da sandarsa, ya zauna a kan benci, ya ce, "Ɗiyata, mun jira ku har ruwa ya sauka. Maruƙana bakwai sun faɗi." Shugaban yana ciki, ya ce a gaya masa ba ya nan.

Da Injiniya Garba ya zo, bai tsaya jin ta bakin kowa ba. Ya dangwali man da yatsa, ya sunsuna, ya ce, "Wa ya kai ta wurin mai faci?" Sai Malam Nomau ya cire hularsa ya ce, "Ni na kai ta, yallaɓai, da umarni. Dije ta hana, ina tsaye." Saura shekara ɗaya ya yi ritaya, ya san abin da zai iya biyo baya, amma ya faɗa.

Injiniya ya rubuta rahoto. Me ya faru? Bayan wata huɗu aka mayar da shugaban hedikwata da ƙarin girma. Aka tura Malam Nomau tuƙa motar ɗaukar kaya. Kwirina kuwa ba wanda ya cire shi daga fayil, shi ya jinkirta min ƙarin mataki shekara biyu.

Ku da kuke aiki yanzu, kun fi mu sanin waɗannan injuna. Amma ku riƙe wannan: idan wanda ke kula da abu kullum ya ce kada a yi, ku tsaya ku ji dalilinsa, ko da shi ne mafi ƙanƙanta a ofis. In kuma babba ya tilasta muku yin abin da kuka san ɓarna ne, ku ce ya rubuta ya sa hannu. Ni ban san haka ba a lokacin, kuma Ardo Buba ne ya fi kowa ɗanɗana kuɗarsa.